Filin Tambaya da Amsa: Wane Keke Zan Hau a Tserena na Farko?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matashi ne, tsawona santimita 174, nauyina kilo 68. Na yi rajistar shiga tseren keke na kilomita 100 a kan kwalta, saura wata huɗu. Keken da nake da shi na hawan dutse ne, mai manyan tayoyi masu gudaje. Abokaina sun raba min hankali: wani ya ce in ba keken kabon ba ne kada ma in je, wani ya ce nawa ya isa, ƙarfin ƙafa ne magana. Kuɗina ba su da yawa. Wane iri zan saya? — Mai karatu daga Kano

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da kake buƙata shi ne keken kwalta mai lanƙwasasshen kai, firam ɗin alminiyam (firam shi ne gangar jikin keken), wanda ya yi daidai da tsawonka, mai ɗaukar taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32, mai giya mai sauƙi don hawan tudu. Kabon, wato abu mara nauyi mai tsada da ake ƙera firam da shi maimakon ƙarfe ko alminiyam, ba dole ba ne. Amma kafin ka ciro ko sisi, nemi masu shirya tseren ka tambaye su abu uku: yanayin hanyar, ko akwai iyakar lokacin da ake rufe layin ƙarshe, da irin keken da suka yarda da shi. Akwai tseren da kowa ke shiga da abin da yake da shi, akwai kuma wanda ake bin dokokin hukumar tseren keke ta duniya, UCI. Kowane tsere da kekensa. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye ta Najeriya ta yi tseren kwalta, amma da aka zo tseren cikin zagayayyen fili sai da ta karɓi aron keke daga tawagar Jamus, domin na kwalta ba ya shiga can.

Dalilin da ya sa muka ce lanƙwasasshen kai: da zarar gudunka ya wuce kilomita 25 a awa a miƙaƙƙiyar hanya, mafi yawan ƙarfin da kake fitarwa iska yake turewa, ba nauyin keke ba. Keken dutse yana zaunar da kai a miƙe, ƙirjinka a buɗe, iska na dukansa. Keken kwalta yana sunkuyar da kai, ya matse kafaɗunka. Sannan yana ba hannu wurin riƙo uku: sama, kan marfin birki, da ƙasan lanƙwasa. A tafiyar awa huɗu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin hannun da ya daɗe a wuri ɗaya yakan mutu, yatsu su yi ta tsirawa.

Shi kansa keken kwalta kashi biyu ne, kuma nan sababbin mahaya suka fi yin kuskure. Akwai wanda aka ƙera wa gogaggu: kansa ƙasa sosai, firam ɗin a miƙe, yana amsa juyi da sauri. Akwai kuma na dogon zango: wuyan gabansa ya fi tsayi, tazarar sirdi da kai ta fi gajarta, tayoyin biyu sun fi nisa da juna, don haka ba ya rawa a gangara. Na biyun ne naka. Bayanka da wuyanka ba su saba da sunkuyo ba tukuna. Wanda ya sayi na gogaggu yakan yi kyau a kilomita 30 na farko, daga nan ƙugu ya fara kuka, ya miƙe zaune ya riƙe saman kai, ya rasa amfanin da ya biya kuɗi dominsa. Giant Contend, Trek Domane AL, Cannondale Synapse da Triban na cikin irin da muke nufi, kuma sukan shigo cikin gwanjo. Suna dai ba shi ne abin dubawa ba, siffar ce.

Sai girma. Ga mai santimita 174, firam mai lamba 54 ne yawanci, wasu kamfanoni na rubuta M. Masu 165 zuwa 170 sukan hau 52, masu 178 zuwa 183 su hau 56, amma kamfani da kamfani sun bambanta, don haka gwadawa ce hukunci. Tsaya da ƙafafu biyu a ƙasa, sandar sama a tsakaninsu: ya kamata a sami tazarar yatsu biyu ko fiye. Hau, ka ɗora hannu kan marfin birki. In gwiwar hannunka ta miƙe sambal, kafaɗunka suka tashi wajen kunne, keken ya yi maka tsawo. In kana tsakanin lamba biyu, ɗauki ƙaramin. Ana iya ɗaga sirdi, a sa wuyan kai mai tsayi, amma babban firam ba shi da magani.

Tsayin sirdi kuwa ga yadda za ka samo shi. Tsaya ba takalmi, bayanka a bango, ka matse littafi mai kauri a tsakanin cinyoyinka har ya taɓa sama. A auna daga ƙasa zuwa bakin littafin, ka ninka da 0.883. In ka sami santimita 82, amsar 72.4 ke nan, kuma ita ce tazarar daga tsakiyar ƙusar da fedoji ke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. Wannan mafari ne. Ka hau ka gwada: in diddigenka na kan feda a can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne, ciwo a bayanta kuma ya yi sama. Ka riƙa gyarawa milimita uku zuwa biyar, ba tsalle ɗaya ba.

Giya: nemi faranti biyu a gaba, mai haƙora 50 da mai 34, a baya kuma jeri daga 11 zuwa 32. Tsofaffin kekunan tsere na gwanjo sukan zo da 53 da 39 a gaba, 11 zuwa 25 a baya. A shimfiɗar Kano zuwa Wudil ba za ka ji bambancin ba, amma a kai ka tudun Jos ko na Abuja bayan ka ci kilomita 70, sai ka sauka ka tura. Abin da ake so shi ne ƙafa ta riƙa zagayawa sau 80 zuwa 90 a minti, ba a danna giya mai nauyi a hankali ba, domin danna nauyi yana ƙone cinya da wuri. Kayan Shimano, kamfanin da ke ƙera giya da birkin keke, jere suke: Claris mai giya 8 a baya, Sora 9, Tiagra 10, sai 105 zuwa sama. Claris ko Sora da aka saita da kyau sun ishe ka. Kacarsu ma ta fi arha, ta fi sauƙin samu.

Zancen kabon kuma, keken alminiyam yakan yi kilo 9 zuwa 10 da rabi. Dokar UCI ta hana keken gasa ya yi ƙasa da kilo 6.8. Kai da kekenka da ruwanka kun doshi kilo 80, to kilo biyu ko uku na bambanci a miƙaƙƙiyar hanya ba su ne za su raba ka da sauran ba. Gara ka bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinka don hular kwano, wando mai katifa, famfo mai geji, gorunan ruwa biyu, tif biyu da sababbin tayoyi. Kuma ka saya yanzu. Jiki na son aƙalla mako takwas a kan keken da za a yi tsere da shi.

Tambaya: Ni ba ni da halin sayen wani. Ba yadda zan yi da keken dutsen da nake da shi? Mahaifina ma yana da Phoenix mai ƙwari. — Ɗalibi daga Gusau

Amsa: Akwai yadda za ka yi, in dai masu tseren sun yarda, kuma burinka ka kai ƙarshe ne cikin lokaci. Babban gyara shi ne taya. Cire masu gudajen nan, ka sa masu santsi, faɗin inci 1.25 zuwa 1.5 in wilinka 26 ne. Wannan kaɗai zai ƙara maka gudu fiye da duk wani abu da za ka saya. In sifirin ɗin gaba yana da makulli, kulle shi, domin duk lanƙwasawar da yake yi ƙarfinka yake sha. Cire kariyar ɗaukar kaya, madigadi da jak. Ka rage tsayin kai kaɗan. Duba farantin gaba: in guda ɗaya ne mai haƙora 32, giyarka za ta ƙare wajen kilomita 35 a awa, kana gani ayari zai tafi ya bar ka a gangara. Masu faranti uku, babba 42 ko 44, ba su da wannan matsala sosai.

Phoenix kuwa a bar shi da aikinsa. Keke ne na ɗaukar kaya da zuwa gona, ya kusa ninka keken tsere a nauyi, giyarsa ɗaya, birkinsa na sanda ba ya kamawa da sauri. A cikin ayari, rashin birki haɗari ne gare ka da na kusa da kai.

Tambaya: Na ga keken tsere na gwanjo a kasuwa, mai shi ya ce kabon ne daga Turai, farashin kuma ya yi sauƙi ƙwarai. Me zan duba kada a cuce ni? — Mai karatu daga Zariya

Amsa: Malam, sauƙin farashin shi ne abu na farko da za ka tuhuma. Akwai firam ɗin jabu da aka liƙa wa sunan manyan kamfanoni, akwai kuma na gaske da ya taɓa faɗuwa. Alminiyam da ƙarfe in sun ji ciwo sukan nuna: lotsawa, lanƙwasa, tsatsa. Kabon yana iya tsagewa daga ciki, fenti na ƙyalli a waje, ranar da zai karye kuma ba ya sallama. In ba ka da wanda ya san shi da zai raka ka, ka bar kabon na gwanjo.

Kowane iri ne dai, ka sa a goge shi tas, ka fito da shi rana. Bi wuraren walda da ido da farce: ƙarƙashin wuyan gaba, kewayen ƙusar fedoji, inda sandar sirdi ke shiga, da inda tayar baya ke zama. Siririn layi a fenti kusa da walda tsaga ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Ƙullutu ko tattarewar fenti a ƙasan sandar da ta gangaro daga wuya alama ce ta an taɓa yin karo ta gaba. Sabon fenti ko sitika a wuri ɗaya tak, ka tambayi abin da ke ƙarƙashi.

Kama birkin gaba, ka tura keken gaba da baya: in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki ko ya ci. Riƙe hannun feda ka girgiza shi gefe da gefe, bai kamata ya motsa ba. Ɗaga kowace taya ka juya, ka sa ido a tazarar wili da robar birki; kaucewar da ta wuce milimita biyu sai an ɗaure wayoyi. Shafa bakin wilin inda birki ke kamawa, in ya yi kwari ya kusa ƙarewa, kuma wili ba arha ba ne. Kwance sandar sirdi ka ga tana hawa tana sauka. Mutane da yawa ba sa duba wannan, sai sun je gida su tarar ta manne da firam, ba hawa ba sauka, keken da ba a iya saita sirdinsa kuwa bai da amfani.

Kaca ita ce ke faɗa maka yawan wahalar da keke ya sha. Ɗauki ma'auni, daga tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga gaɓa 24. A sabuwar kaca milimita 305 za ka samu. In ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi, kacar ta isa canji. In ta ƙaru da uku, ta riga ta cinye haƙoran giyar baya, sabuwar kaca za ta riƙa tsalle a kansu, dole a canza duka. Sa wannan cikin ciniki. A ƙarshe ka hau, ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya, musamman maɓallan da ke haɗe da birki, domin su ne mafi tsada in sun lalace kuma ba safai ake gyara su ba. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar firam, tana ƙarƙashin keken tsakanin fedoji.

Tambaya: An ce siririyar taya mai iska dam ita ta fi gudu. Amma ni kullum cikin faci nake. — Mai karatu daga Maraɗi

Amsa: Wancan tsohon ra'ayi ne na lokacin da ake hawan milimita 23. A kwalta mai kaushi, taya da aka cika dam tsalle take yi, kowane tsalle kuma gudu ne ya zube, jikinka ne ya sha jijjiga. Yau ƙwararru ma 28 zuwa 30 suke hawa. Mai kilo 70 a kan taya 28 mai tif ya fara da psi (ma'aunin ƙarfin iska a geji) 70 a gaba, 75 a baya. A kan 32 kuma wajen 55 zuwa 60. Mai nauyi ya ƙara kaɗan, kuma kada a wuce abin da aka rubuta a jikin tayar. Ka auna da geji kafin kowace fita, latsawa da yatsa ba ya gaya maka komai.

Facin kuma, duba ramin zai faɗa maka dalili. Rami ɗaya ta wajen kwalta, ƙaya ce ko waya ko kwalba. A ƙasarmu tsidau ne babban mai laifi, yana bazuwa a gefen titi, don haka ka guji sauka kafaɗar hanya, in kuma ka sauka ka shafa tayar kafin ka ci gaba. Ramuka biyu gefe da gefe kamar saran maciji, iska ce ta yi kaɗan ka daki bakin rami, wili ya matse tif. Rami ta ciki, wajen wili, tef ɗin da ke rufe kawunan wayoyi ne ya zame. In ka canza tif ya sake sacewa nan take, ƙayar na nan cikin tayar. Bi cikinta da yatsa a hankali kafin ka sa sabo.

Ka sani kuma, yawancin kekunan tsere bawul ɗinsu siriri ne, Presta, ba ya shiga bakin injin mai faci na bakin titi. Sayi ɗan ƙaramin mahaɗi ka jefa cikin jakar sirdi. In birkinka mai kama bakin wili ne, auna sararin kafin ka sayi taya: tsofaffi da dama ba sa ɗaukar fiye da 25, sababbi su tsaya a 28.

Tambaya: Birkin faranti ko na roba? — Mai karatu daga Bauchi

Amsa: Na faranti ya fi kamawa cikin ruwan sama da doguwar gangara, kuma yana ba da sararin taya mai faɗi. Na roba ya fi arha, kowane mai gyaran keke ya san shi. In za ka ɗauki na faranti mai aiki da mai, tabbatar akwai mai iya fitar masa da iska a garinku, kuma kada a zuba masa man birkin mota in na Shimano ne, nasa man daban ne, na mota yana lalata robobin ciki.

Tambaya: Ni mace ce, tsawona 160. Dole sai keken mata? Kuma yaya zan yi da sutura? — Mai karatu daga Abuja

Amsa: 'Yar'uwa, ba dole ba ne. Abin nema firam mai lamba 48 zuwa 50, sannan a gyara wurare uku da jiki ke taɓawa. Faɗin kai ya yi daidai da kafaɗa, santimita 36 zuwa 38 ga mafi yawan masu tsawonki, domin kekunan gwanjo sukan zo da 42, wanda zai buɗe miki hannu ya gajiyar da wuya. Hannun birki yana da ɗan noti da ake juyawa da alanki, wato ɗan makulli mai kusurwa shida, ya matso kusa da yatsu. A saita miki shi har ki iya kamawa daga ƙasan lanƙwasa. Sirdi kuma ya zama mai faɗin da ƙasusuwan zama za su sauka a kai. Mai laushi sosai ba shi ne mai daɗi ba a doguwar tafiya, nutsewa yake yi ya matse inda bai kamata ba.

Sutura kuwa ana iya rufe jiki a yi tsere lafiya. Wando mai katifa a ciki, dogon wando mai tsuke ƙafa a kai, riga mai dogon hannu da ba ta wuce cinya ba, da ƙaramin hijabi na wasanni da ke shiga ƙarƙashin hular kwano a cusa bakinsa cikin riga. Abin da za ki guje wa shi ne duk wani ƙyalle mai lilo: gyale, dogon hijabi, bakin siket. In ya shiga wayoyin wili ko kaca, faɗuwar nan take ce.

Tambaya: Ina so in sa feda mai kama takalmi da sandunan kwantar da hannu na gaba kamar yadda nake gani a talabijin. — Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Sandunan nan na tseren ɗai-ɗai ne da agogo. A tseren da ake tashi tare an hana su, domin hannunka ya yi nisa da birki alhali kana tsakiyar mutane. Feda mai kama takalmi tana da amfani, amma in saura ƙasa da wata ɗaya, bari sai bayan tseren. In da lokaci, sassauta sifirin ɗinta zuwa ƙarshe, ka jingina da bango ka yi ta sa ƙafa da cirewa har ya zama ba sai ka yi tunani ba.

Abin da ya fi waɗannan biyu amfani kyauta yake: koyon bin bayan wani. Wanda ya laɓe a bayan tayar na gaba yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Fara da tazarar mita ɗaya tare da abokan atisaye, idonka a kafaɗar na gaba da hanyar da ke gabansa, ba a tayarsa ba. Kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tasa ta baya. In ya kauce wa rami ya taɓa ka, kai ne za ka faɗi. Kada ka danne birki kwatsam, kuma ka nuna wa na baya rami da hannu.

Tambaya: Keke ya samu. Me zan yi masa a makon tsere, me kuma zan ɗauka? — Mai karatu daga Sakkwato

Amsa: Duk wani canji, taya, kaca, wayar birki ko ta giya, a yi shi kwana goma kafin ranar, ka hau sau biyu ko uku a kai. Sabuwar waya takan saki bayan hawan farko, giya ta fara kuskure. Wanke kaca, ta bushe, ka ɗiga man kaca a kowace gaɓa, ka goge na waje da tsumma. Baƙin man inji bai dace ba, balle da hunturu, ƙura yake tarawa ta zama abin da ke cin haƙora. Daren tsere ka bi notocin kai, wuya, sirdi da makullan tayoyi.

A jakar sirdi: tif biyu, ledar faci, abin ɓanɓare taya guda biyu, alanki 4, 5 da 6, ƙaramin famfo a jikin firam. Ka koyi canza tif ɗin baya da hannunka a gida. Ruwa gora biyu, ka sha rabin lita zuwa lita ɗaya a awa gwargwadon zafi, ɗaya gorar da ɗan gishiri da sukari a ciki. A watannin bazara da zafi ke haura digiri 40 a wajenku, ka tambayi inda aka ajiye wuraren ƙara ruwa tun kafin a tashi. Abinci kuwa, fara ci tun awa ta farko kafin yunwa ta zo: dabino huɗu ko biyar, ko ayaba ɗaya, kowane minti 40. Ka gwada su a atisaye tukuna ka ga cikinka ya karɓa, ka cire ƙwallayen dabinon tun a gida, ka zuba su a aljihun bayan riga inda hannu ɗaya zai kai.